Tuwon Salla a Roba

Duk wanda ya san Zulaihat ya san ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Ko tabarma ta gani a gidan mutane gefenta ya naɗe, sai ta sa ƙafa ta miƙar da ita kafin ta gama gaisuwa. Shi ya sa ranar da matan Ƙungiyar Mu Haɗa Hannu ta Ƙofar Durɓi suka zaɓe ta shugaba, bayan Hajiya Rashida ta ce gwiwoyinta sun ƙi, kowa ya san akwai abin da zai sauya. Abin da ba wanda ya zata shi ne da kwanuka za ta fara.

Ƙungiyar ta mata ce, su kusan talatin: malaman makaranta, masu sayar da atamfa a cikin gida, ungozoma ɗaya, da ma'aikata irin Zulaihat da ke tafiya ofis can GRA kullum da safe. Shekara goma sha huɗu ke nan, duk ranar ƙaramar salla suna haɗuwa a tsakar gidan Hajiya Rashida tun da asuba, su tuƙa tuwon shinkafa, su yi miyar taushe da nama, a kai wa tsofaffin unguwa da ba su da mai ɗora masu tukunya. Kuma a kwano ake kaiwa, kwano na gaske mai murfi, kowace mace ta kwaso na gidanta.

To, nan fa ake yin ta! Bayan salla sai an yi mako guda ana bin kwanuka gida gida. Murfin wannan ya hau kwanon waccan, kwanon waccan ya kwana uku a lungun da ba nasa ba. Kowace ta ɗiga jan farce a gindin nata don shaida, amma da yake a kasuwa ɗaya ake sayen jan farcen, ɗigon kowa ja ne. An taɓa yin wata biyu Hajiya Rashida da Hajiya Binta ba sa ga-maciji a kan murfi ɗaya tal.

Amma ba wannan ne ya fi ci wa Zulaihat rai ba. Kowa ya sani, kwanon salla ba a mayar da shi ba komai. Tsofaffin nan da ake cewa ana taimako sai sun nemo abin da za su sa a ciki: ƙullin kuka, daddawa biyu, busasshiyar kuɓewa, goro ɗaya. Bara da hannunta ta buɗe wani kwano ta ga ƙwai biyu an naɗe su a tsumma kada su fashe, daga wani tsoho da ta san kazarsa ɗaya ce a duniya. Ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta, ta rantse in dai tana da ta cewa, an daina wannan.

A taron tsakiyar azumi ta zo da samfuri a jaka. 'Yar roba ce fara mai murfi, irin wadda ake raba shinkafa a ciki a wurin biki.

"Ku duba nan," ta ce, tana ɗaga ta sama. "Ba wanki, ba bin sawu, ba rigimar murfi. Uwa uba, ba wanda zai kwana yana tunanin abin da zai sa mamu a kwano. Mu ne masu taimako, kuma mu ne masu karɓe ƙwan tsoho? Wallahi abin kunya ne a gare mu."

Hajiya Rashida ta gyara zama a kan 'yar kujerarta, tana murza gwiwa. "Zulai, shi dai kwanon nan..."

"Hajiya, kwanon nan ne fa ya sa ku da Hajiya Binta kuka yi wata biyu kuna gaisawa da hanci."

Aka kwashe da dariya, har da su biyun. Hajiya Rashida ta share hawayen dariya da bakin mayafi ta ce, "To shugaba, wuƙa da nama na hannunki." Aka ɗaga hannu, roba ta ci zaɓe.

In za a tona zuciyar Zulaihat, don mutum ɗaya ta yi duk wannan tsari, wato Inna Hajo. Ba ita ta haife ta ba, katanga ce kawai ta raba gidajensu. Amma lokacin da mahaifiyar Zulaihat ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, tana 'yar shekara shida, Inna Hajo ce ta ɗauke ta ta goya, ƙafafunta na reto har gwiwa. Ita ke mata kitso, ita ke zane ta in ta ƙi islamiyya. Allah bai bar wa Inna Hajo ɗa ko ɗaya a raye ba. Sana'arta dakuwa, kuma ta yi suna da ita har wajen unguwa, sai da kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaga taɓarya sannan ta daina yin ta sayarwa. Yanzu tana ɗaki ɗaya a gidan marigayi mijinta, sauran ɗakunan 'yan haya ne, leburori 'yan ƙauye da iyalansu. Zulaihat ta yi juyin duniya da ita a kan ta taso ta zauna a gidanta can Ƙofar Ƙaura, tsohuwar ta ce ita ba buhu ba ce da za a ɗauka a sauke. Ko cefane aka kai mata sai an sha rigima. Tuwon ƙungiya ne kaɗai take karɓa ba musu, kuma duk shekara kwanon na dawowa cike da dakuwa. Da wace kafaɗar take dakawa? Wannan tambayar ce ta hana Zulaihat sukuni.

Ranar salla komai ya tafi kamar an ja layi. Kafin a sauko daga idi tuwo ya nuna, kafin hantsi ya yi zafi an jera robobi sittin da uku, kowace a ledarta. Sagiru mai keke napep, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ke yi wa ƙungiyar jigila kyauta duk shekara, ya yi sawu uku kacal. Aikin da a da sai la'asar ake gama shi, yau ko azahar ba a kira ba mata sun baje a tabarma suna cin nasu, suna duba lallen juna. Yadda Zulaihat take zagaya tsakar gidan hannu a ƙugu, ko makaho ya san me take nufi.

Sai ga sallamar Sagiru daga zaure. Ta fita da murmushinta, ta ishe shi tsaye da kwali a hannu.

"Shugaba, akwai saura."

"Saura kamar yaya? Sittin da uku na ƙirga da hannuna."

"Sittin da ukun na kai. Tara sun dawo."

Ya ajiye kwalin. Ga su nan a ledojinsu, ko ɗaurin ba a kwance ba. Matan da suka jiyo suka taso suka tsaya a bayanta, hannuwa duk miya.

"Malam Habibu mai gyaran rediyo ya ce ya gode, ya ƙoshi," in ji Sagiru. "Mutumin da na ishe shi yana jiƙa garin kwaki! Tsohuwar nan ta bayan famfo kuwa juya robar ta yi tana duba gindinta, wai ta wace ce, ba ta ga jan farce ba. Na ce ba ta kowa ba ce, in ta gama ta yar. Sai kawai ta miƙo mani abata."

"Inna Hajo fa?"

Sagiru ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. "Ai ita ta fara."

"Me ta ce?"

"Shugaba, ni ɗan aike ne."

"Sagiru, me ta ce?"

"Ta ce a gaya wa shugaba ta gode, Allah ya ba da lada, amma ita ba ta rubuta sunanta a layin karɓar sadaka ba. Ta ce kuma..." Ya dubi ƙasa. "Ta ce kada ki wahalar da kanki da zuwa gaisuwar salla bana, ta yafe."

Kai! Zulaihat ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Tun da ta yi aure ba a taɓa salla ba ta je ta durƙusa gaban Inna Hajo ba, kafin ma ta je gidan surukai. Yau ita ake aiko wa an yafe? A gaban mutane? Ranta ya ɓaci, ta fara faɗa, ita da ba ta saba ɗaga murya ba. Wai mutum ya yi abu don a huta, a mayar mashi da shi kamar ya yi zagi! Ai shi ke nan, wanda ya ƙi ci cikinsa.

Hajiya Rashida ba ta taso ba, gwiwa ba ta bari. Daga kan kujerarta ta bari sai da Zulaihat ta sauke numfashi, sannan ta ce, "Zulai, 'yan hayar gidan Hajo ba duk sun tafi ƙauye salla ba?"

"Sun tafi tun shekaranjiya."

"To wa ya kai mata wani abu yau?"

Faɗan ya tsaya cak. Ba kowa. Azumi talatin tsohuwar ta kai, kuma Zulaihat ta san halinta sarai, ranar salla ba ta kunna wuta, tuwon ƙungiya take jira. Ta sunkuya ta zari leda ɗaya daga kwalin, ta ja mayafi. "Sagiru, tada keken."

Lungun su Inna Hajo keke ba ya shiga, sai Sagiru ya tsaya a baki. Zulaihat ta ratsa zaure ta shiga. Ɗakunan 'yan haya duk da kwado. An share tsakar gida tas, murhu a share shi ma, ko toka babu. Turmi na kwance a gefe. Inna Hajo na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta cikin atamfarta ta salla, wadda ta fi shekara goma amma har yau karin ninkinta na nan, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali har goshi. A gefenta akwai tire an rufe da faifai.

"Salamu alaikum."

Sai a sallama ta uku tsohuwar ta ɗago.

"Wa alaikumus salam. A'a! Shugaba ce da kanta? Ranki ya daɗe. Bari in nemo kujera, manya ba su zama ƙasa."

"Inna, don Allah." Zulaihat ta zube a bakin tabarma. "Ina wuni. Barka da salla."

"Lahiya lau. Barkanmu dai."

"An yi salla lafiya? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya yaran? Ya aikin gwamnati? Ya jama'a?"

Ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Haka take gaida mai karɓar kuɗin wuta. Da ana shiri, da tuni ta katse gaisuwar ta ce, ke wannan wane irin ɗinki ne kamar an sa ki a buhu.

Zulaihat ta tura ledar gaba kaɗan, ta fara bayani. Ta iya bayani kam, a ofis ma ita ake turawa. Ta kawo zancen murafe, ta kawo zancen ƙwan tsoho, ta kawo zancen kafaɗa. Abincin dai shi ne, tukunyar ita ce, hannuwan su ne, mazubi kawai aka sauya. Inna Hajo ta saurara har ƙarshe tana kallon katanga.

"Kin gama?"

"Na gama, Inna."

Tsohuwar ta miƙa hannun hagu ta ɗage faifan. Dakuwa ce, an dunƙula ta ƙanana daidai wa daida, an jera a tire, sai ƙamshin soyayyar aya da citta ya tashi.

"Kwana huɗu ina yin ta. Da hagu. In daka kaɗan in zauna, in tashi in ƙara, da azumi a bakina. Ayar tun watan Sha'aban na tsince ta. Yau da na dawo idi na shimfiɗa tabarma nan ina jiran kwano, sai ga Sagiru da leda. Na ce to ni a ina zan zuba tawa? Ya ce ai bana an hutar da mu." Ta mayar da faifan. "An hutar da ni! Zulai, wa ya ce maki na gaji?"

"Inna, kafaɗarki nake ji."

"Kafaɗata ce ko taki?"

Tsohuwar ta gyara zaman faifan, ta ci gaba.

"Ke yarinya ce lokacin, amma kin gani da idonki. Ranar salla gida goma sha biyu nake kai wa tuwo a lungun nan, naku ne na farko. Kwanuka na shiga suna fita har la'asar, ban san nawa ba ban san na mutane ba. Yau ba ni iya tuƙa tuwo. Waɗanda nake kai mawa, rabi sun riga mu, rabi sun tashi. Kwanon nan naku shi kaɗai ya rage mani. In ya shigo, na san maƙwabta sun aiko mani, ni ma in aika masu, kowa ya ci na kowa. Wannan abin kuwa," ta nuna ledar da leɓe, "irin shi ake miƙo wa mutane ta tagar mota."

Hawaye suka zubo wa Zulaihat, ba ta ko share ba. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita da ta yi kuka a kan ƙwai biyu, ashe mai ƙwan da alfahari ya naɗe su.

"Me kika ci yau, Inna?"

"Na ci."

"Me?"

"Dabino uku kafin idi. Sunna ce."

"Tun safe? Ga dakuwa a gabanki!"

"Wannan ta mutane ce."

Innalillahi! Zulaihat ta yunƙura. "Bari in je in ɗauko kwano yanzun nan in juye maki."

"Ki juye abin da na mayar, ki sake kawo mani? Goyo ce ni da za a yi wa wayo? Zauna, in kin gama gaisuwa ki tahi gidan surukanki, suna jira."

Ta koma ta zauna. Yau dai dabara ta ƙare wa mai dabara. Ta san tsohuwar nan, in ta kafe ko limamin unguwa aka kira sai dai ya sha ruwa ya tafi, kuma tsaf za ta kai magariba a haka da cikinta wayam, ta sha ruwa ta kwanta. Aka kira azahar a masallacin bakin lungu. Ba wadda ta motsa. Zulaihat na kallon tiren nan, ƙamshin na shigar mata hanci, sai cikinta ya yi ƙugi, don ita ma tun asuba tana kan ƙafa ba ta sa komai a baki ba. Inna Hajo ta ji, ta harare ta, ta kau da kai.

"Inna," ta ce a hankali, "to tunda ta mutane ce, ki ba ni in kai masu."

"Su wa?"

"Matan mana. Wallahi duk shekara faɗa ake a kanta. Hajiya Rashida biyar take ɓoyewa a ɗankwali, ta ce na jikoki ne, kuma kowa ya san ba jikan da ke gani."

"Rashida ai tun tana budurwa haka take." Muryar ta ɗan sauka, amma nan da nan ta sake ɗaurewa. "A me za ki kai? A ledarki?"

"A kwanonki."

Inna Hajo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi hannun da aka miƙo mata, ta shiga ɗaki. Aka ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado tana mita ita kaɗai. Ta fito da wani kwano babba mai murfi, fari da zanen jan fure, bakinsa duk ya ɗan fashe saboda tsufa. Ta goge shi da gefen zane, ta zauna ta jera dakuwar ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko guda a tire ba. Ta rufe, ta ɗaure da tsohon ɗankwali.

"Kwanon aurena ne. Ko uwarki, Allah ya jiƙanta, sau biyu na taɓa ba ta aron shi. Ki maido mani da abina yau, ba gobe ba."

"To, Inna."

"Kada ki bari ya kwana cikin na Binta, ta ce nata ne."

"To."

"Kuma kin dai san..."

"Na sani, Inna."

"Ɗauki ledarki ki tahi da ita."

Sagiru ya hango ta tana fitowa da gudu-gudu, kwano a ƙirji kamar jariri, bai tambayi komai ba ya tada keke. A hanya ne kawai ya ce, "Shugaba, in dakuwa ce, direba na da kaso." Ta ce ya kalli gabansa.

Da ta shiga gidan Hajiya Rashida sai ta yi turus. An mayar da tukunyar miya kan wuta. A tsakiyar tabarma ga kwanuka takwas an wanke an kife, kowane da murfinsa, kuma Hajiya Binta na tsugune tana duba gindinsu.

"Na ce a ɗumama miya, ko za a buƙata," in ji Hajiya Rashida, ba ta ko kalle ta ba. "Me kika riƙo haka?"

Zulaihat ta durƙusa a gabanta ta kwance ɗankwalin. "Inna Hajo ce ta aiko mamu da abin salla."

Tabɗi! Kafin ka ce me, hannuwa sun rufe kwanon. Manyan mata masu jikoki, har da ungozoma, suna ture juna suna ihu. Hajiya Rashida da gwiwoyinta suka ƙi, sai ga ta ta miƙe tsaye ba mai riƙe ta. Da ƙyar Zulaihat ta ceci guda biyu ta aika wa Sagiru zaure.

"Hajiya, ki yafe mani," ta ce. "Kin so ki faɗa mani, na toshe maki baki."

"Ni ma ai dariya na yi na ɗaga hannu. Kawo kwanon nan a wanke, tsohuwa na jin yunwa."

Aka kankare tukunya aka sami malmala biyu masu kyau, aka zuba miya mai zafi a ƙaramin kwano aka ɗora a kai. Hajiya Rashida da kanta ta tsamo nama. Sauran kwanuka takwas ɗin kuwa aka juye masu tuwon robobin da suka dawo, matan suka ce ba sai Sagiru ba, kowace za ta ɗauki kwanon gidanta ta kai da ƙafarta, ta tsaya a gaisa. Hajiya Binta ta ce ita za ta je wurin Malam Habibu, in ya ce ya ƙoshi za ta zauna a zaurensa har sai ya ji yunwa.

"Sauran hamsin da huɗun da suka karɓa fa?" Zulaihat ta tambaya.

"Yunwa ta sa suka karɓa," in ji Hajiya Rashida. "Gobe ma salla ce, akwai sauran shinkafa. Ki fito da kwanukanki na gara da kike ɓoyo."

Da Zulaihat ta koma, a bakin zaure ta ishe Inna Hajo tsaye tana leƙen lungu. Tana ganinta ta juya, wai ita akuyar maƙwabta ta fito kora. Suka shiga tare. Zulaihat ta yi sallama kamar yanzu ta fara zuwa, ta durƙusa ta ajiye kwanon da hannu biyu.

"Inna, matan Mu Haɗa Hannu sun ce a gaishe ki, sun ga saƙo, sun gode. Ga kwanonki."

Tsohuwar ta fara duba murfin, ta juya shi, ta tabbatar nata ne. Sannan ta buɗe, tururi ya bugi fuskarta.

"Nama har huɗu? Wannan ai almubazzaranci ne. Wa ya yi miyar?"

"Hajiya Rashida ce ta sa hannu."

"Shi ya sa kabewa ta yi yawa." Ta jawo buta. "Wanke hannu. Tun ɗazu cikinki ke damuna da ƙara."

Suka sa hannu a kwano ɗaya. Zulaihat ta ga yadda lomar tsohuwar ta biyu ta bi ta farko ba jira, sai ta sunkuyar da kai ta yi kamar tana neman nama, don kada a ga idonta. Kafin a jima malmala ɗaya ta ƙare.

"Sun ci?" Inna Hajo ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Sun cinye tas. Har da ture-ture."

"Ba wadda ta ce yaji ya yi yawa?"

"Hajiya Binta ta ce ya yi, amma huɗu ta ci."

"Rashida fa?"

"Tsaye ta miƙe, Inna, ba sanda."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta tura wa Zulaihat tsoka ɗaya gabanta. "Mudu ɗaya ce ai, ba ta isa ba. Baɗi in Allah ya kai mu, biyu zan soya."

Maganar kafaɗa ta taho wa Zulaihat har bakin leɓe. Ta dubi hannun nan na hagu da ya kumbura a wuyansa, ta dubi fuskar da ta sake tun da aka buɗe kwano, ta haɗiye maganar tare da lomarta.

"Biyu ba za ta ishe mu ba, Inna. Mu talatin ne fa, ga Sagiru. Ki yi uku."

"Uku!" Inna Hajo ta saki tuwon ta riƙe haɓa. "La ilaha illallahu! Kashe ni za ku yi? Ku ba ku da tausayi ne?" Ta girgiza kai, ta sake gutsuro tuwo ta dangwali miya, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. "To sai ki sayo mani ayar da wuri, tun kafin ta yi tsada. Kuma mai kyau, ba irin wadda kuke saye a ofis ba."